Ƙarfen da Ya Nuna a Bayan Ƙofa

Tunda ka ce ka gaji, zauna ka ji abin da ya sami wani injiniya. Manoman rani na garinsu ne suka roƙe shi ya ƙera musu farfelar injin ban ruwa wadda ba za ta riƙa lanƙwashewa ba. Ya zauna gaban kwamfuta yana ta lissafi har idanunsa suka yi ja. Lissafin ya nuna masa cewa in ya narka alminiyam da ɗan jan ƙarfe da wasu sinadarai, ya tsoma haɗin a ruwan sanyi, sannan ya gasa shi a hankali, wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani za su fito a cikin jikin ƙarfen, su riƙe shi gam kamar yadda ciyawa ke riƙe tubalin laka. Narkawa da tsomawa ba su ba shi wuya ba, gawayi ya isa. Gashin ne ke son zafi ɗaya na tsawon yini a murhun lantarki, ita kuwa wuta ba ta zama. Da murhu ya fara ɗumi sai a ɗauke. Ya sake haɗi, aka sake ɗaukewa. Duk guntun da ya gwada sai ya lanƙwashe a hannunsa. Manoma suka yi ta zarya har suka daina zuwa, tumatir ya bushe a fadama. Ran nan ya watsa sauran guntayen a bayan ƙofa, ya ce, "Ni kam na haƙura." Ya kulle shagon ya tafi ƙauye jinyar mahaifiyarsa.

Sai da damina ta ja baya ya dawo. Yana share shagon ya tsinci guntu ɗaya, ya sa hannu zai lanƙwasa shi ya jefa a shara. Ƙarfe ya ƙi. Ya sa gwiwa, ya ƙi. Ya daɗe zaune a kan benci yana jujjuya shi. Ashe ƙwayoyin nan ba su jira murhu ba, sun yi ta fitowa kaɗan-kaɗan a ɗumin ɗaki. Lissafinsa daidai ne, lokaci ne bai sa a ciki ba. Amfanin bara dai ya riga ya tafi, amma ranin bana bai fara ba, sai ya miƙe ya hura gawayi don narka sabon haɗi.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa.