Lallen da Na Shuka wa Turai

Tun da aka kafa dokar ruwa, an hana shuka duk abin da zai wuce damina ɗaya a cikin gida. Wai saiwarsa na shan rabon gari.

Ni kuwa irin lalle na jiƙa, na yafa a bayan ɗaki, daidai inda aka binne cibiyar 'yata Turai. Burina ta tashi ta san ƙamshin furensa. Ruwan da na yi mata wanka nake zuba masa, ban taɓa ɗibar na famfo ba.

Yau da hantsi duba-gari ya yi sallama, ya zarce bayan ɗakin.

"Malama, wannan lallen mai wuce damina ne. Ko a tuge, ko a rufe muku famfo mako guda."

"Malam, ruwan wankan jaririya ne fa! Dauɗar ma taku ce?"

"Shi ma magudana ake mayar da shi, a tace."

Turai na goye, ina jin numfashinta a bayana. Mako guda ba ruwa, a wannan zafin? Ya miƙa hannu, na daka masa tsawa: "Kada ka taɓa min wurin nan!"

Da kaina na tuge. Na tsinke ganyen, na jefa masa saiwar a ƙafa.

Ya ce, "Ganyen fa?"

"Shi ma ruwanku yake sha?"

A gabansa na murje ganyen a kan dutse, na sauke Turai, na shafa mata a tafin hannu, na dunƙule shi cikin nawa.