Suruki a Saman Bene

Tiren miyar taliya na hannun Tamimu. Yau ya fara aiki a gidan abincin 'yan Biyetnam, a saman benen da ake hango ganuwar garin Dir'iyya na ƙasar Larabawa, sai ga Alhaji Ɗalhatu ya fito daga lif cikin farar jallabiya. Mahaifin Mahbuba ne, wadda Tamimu zai aura bayan Sallah, kuma a sanin Alhajin, Tamimu injiniya ne.

Babu wurin ɓuya. Suka haɗa ido, Tamimu ya yi saurin cewa:

"Baba, wallahi zan yi bayani..."

Shugaban kicin ya leƙo da tsawa: "Ɗalhatu! Yau ma ka makara? Yalla, yi sauri, tukwanen wanki na jiranka!"

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya raɗa: "Ɗana, kada Mahbuba ta ji."