Wadda Aka Ce a Jefar

Ƙas! Murfin sabuwar kwamfutar ya ɓalle a hannun Maigida, ana dab da fara yi masa intabiyun neman aiki ta bidiyo. Ta uku ke nan a ɗan tsakanin nan, kowacce kyau kamar amarya, ƙwari kamar biskit.

"Maman yara! Kawo abu mai nauyi in tokare fuskar nan!"

Matar ta fito daga kicin rungume da wata baƙar jibgegiya, duk maiƙo. Tsohuwar kwamfutarsa ce, wadda ya ce a jefar saboda abokai suna kiranta bulo.

Ya jingina murfin a jikinta. Sabuwar ta yi fari, ta yi shuɗi, ta ɗauke.

Ya dafe kai. "Shi ke nan, aiki ya tafi."

"To ba ni abata, ina tsakiyar kallon fim."

"Kallo? Wai tana aiki?"

"Ras. Ko jiya sai da ta faɗo daga kan firji."

Da bulon aka yi intabiyu lafiya lau. Da ta yi masa ƙasa, sai ya tura sabuwar a ƙarƙashinta. Ranar ce sabuwar ta fara amfani.