Lamba Ashirin da Uku

Abdoulkarim ba ya kallon fuska, takarda yake kallo. Da wannan yake taƙama a biron tantance baƙi, ofishin da yake aiki a Yamai. A wurinsa mai takarda shi ne ɗan ƙasa, marar takarda kuwa ya san hanyar da ya biyo.

Safiyar Alhamis mutum talatin da ɗaya ke zaune a tsakar biron, duk an kwaso su daga unguwannin arewacin gari. Mota na jira a ƙofa, za ta kai su iyaka. Aikinsa ba wuya: ya kira suna, ya kama babban yatsa, ya dangwala a tawada, ya danna a takarda, na gaba.

Ta ashirin da uku wata tsohuwa ce mai suna Aisa, hannunta duk kaushi irin na masu aikin lambu. Ta ce tun tana amarya ta zo garin nan cikin kwalekwale, yau shekara hamsin da ɗoriya. Ya ce mata shekaru ba hatimi ba ne. Sai ta karkata kai tana saurarensa.

"Ɗana, muryar nan taka..."

"Ni ba ɗanki ba ne, tsohuwa. Kawo yatsa."

Ya danna, ya ture takardar, ya kira na gaba.

Gaskiyar magana, hankalinsa ba a nan yake ba. Watan jiya aka fara binciken takardun ma'aikata, kuma babu wanda ya kai shi tafi ranar da aka sanar. Ashe ta kansa abin zai biyo. A gida aka haife shi a unguwar Goudel, sai da zai shiga makaranta aka yi masa takardar haihuwa a kotu, da shaidu biyu. Rajistar waccan shekara kuwa ruwa ya cinye ta. Alƙali bai ja magana ba: ya kawo shaida ɗaya da ransa ranar Litinin, in ba haka ba takardar zama ɗan ƙasa ta faɗi, aikin shekara goma sha tara ya bi ta. 'Ya'yansa huɗu ma a jikin takardarsa tasu take rataye. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba.

Iyayensa sun rasu, kawunsa da ya yi shaidar farko shi ma ya bi su. Saura ungozomar da ta yanke masa cibiya, wadda aka rubuta da laƙabin da Goudel ta san ta da shi, Zinariya. Rabonsa da ita tun yana ɗan shekara bakwai, da suka koma Banifandou. Ba ta iya rubutu ba, yatsa ta danna a takardar haihuwar a matsayin shaida ta biyu, wani farin layi ya raba tambarin biyu kamar goron da aka ɓare.

Sau biyu yana zuwa Goudel cigiya. Sai jiya wani masunci ya ce masa tana nan da ranta, ambaliya ce ta kore ta zuwa Bobiel, can arewacin gari. Ya yi hamdala har da ƙwalla. Turmin atamfa da sukari na cikin jakarsa, da la'asar zai je ya durƙusa mata.

Ƙarfe goma motar ta tashi. Abokin aikinsa Sadiƙ ya bi ta da ido.

"Shef, wallahi tsohuwar nan ta ban tausayi."

"Tausayi ba ya cikin doka, Sadiƙ. In kowa ya zo ya shimfiɗa tabarma ya ce shi ɗan gida ne, mu 'yan asali ina za mu zauna?"

Da la'asar, lokacin da motar ta daɗe da wuce Dosso a hanyar iyaka, ya fito da tsohuwar takardar haihuwarsa ya shimfiɗa a tebur, don ya tabbata bai manta ta ba. Sai ya tuna bai sa hannu a jerin mutanen safe ba. Ya jawo shi ya ajiye kusa da ita, yana bin lambobin da bakin alƙalami cikin sauri.

Alƙalamin ya tsaya a lamba ashirin da uku, inda wani farin layi ya raba tambarin yatsan biyu kamar goron da aka ɓare.