Masaukin Fataken Ain Sadra

Si Tayyib yana aske gemu ya ji sunan garinmu a rediyo, har ya yanke kansa.

Wata masaniyar tarihi ce daga Tunis, Dakta Naziha, ake hira da ita. Ta ce a bayan kasuwar Ain Sadra akwai masaukin fatake da ya haura shekara ɗari huɗu, ta gan shi tun tana ɗaliba, irinsa kaɗan ne suka rage a ƙasar.

Mu mutanen Ain Sadra da albasa aka san mu. Maƙwabtanmu na Kasar Jabbur kuwa suna da ginshiƙan Rumawa guda uku, ɗaya ma a kwance, amma sun hana mu sakat. In ɗanmu ya je neman aure can sai a ce, “Me za ku nuna wa amarya, rumbun albasa?” Si Tayyib ya yi shekaru yana koyar da tarihi a makarantar garin, ya yi ritaya bai taɓa samun layi ɗaya da zai faɗa a kan garinsu ba.

Da kumfa a kunne ya isa bayan kasuwa. Ga shi nan: dogon gini mai babbar ƙofa da tagogi masu baka, rufin ya rufta ta gefe guda. Kullum ta nan yake wucewa. Ranar sai da ya cire hula.

Aka kafa kwamiti, ya zama shugaba. Za a gyara masaukin ya zama gidan wasan kwaikwayo da zane da kiɗa. Matarsa Manubiyya ta ce, “Famfon gidanka ya fi shekara yana ɗiga, kai ne mai gyaran tarihi?”

“Famfo ba ya shiga rediyo, ya Lalla Manubiyya.”

Garin ya tashi tsaye. Mahauta suka kawo yashi, mata suka riƙa aiko kuskus, ’yan ƙwallo suka yi dakon katako. Da magini Am Bulbaba ya tarar da ƙarafa a cikin rufin, Si Tayyib ya ce ai kakanninmu sun riga zamaninsu. Da aka ga rubutun Faransanci a jikin ƙarfen, ya ce halin ɗan mulkin mallaka ke nan, ko jakinka ya gani sai ya buga masa hatimi.

Dutse ne ya yanke ana tsakiyar gina dandamali. Dab da ginin akwai wani kango gajere, rabinsa ya nutse a ƙasa, awaki ke kwana a ciki, warinsa na korar mutum tun daga bakin titi. Si Tayyib ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: a rushe shi, a sami dutse, a kuma sami filin ajiye motocin manyan baƙi. Duwatsun suka yi taurin kai, sai da aka ɗauko motar rusau. Wasunsu har da zanen furanni.

“Ka ga Ain Sadra,” in ji shi ga Am Bulbaba, “ko jujinmu ado ne.”

Ranar buɗewa aka gayyaci Dakta Naziha, aka gayyaci Hajj Lazhar, dattijon Kasar Jabbur, aka zaunar da shi a sahun gaba don kada komai ya wuce shi. Motar Dakta ta makara, sai Dakta ta shigo ta ƙofar baya ana tsakiyar wasa.

Yaran makaranta suka yi wasan ayarin fatake. Raƙumin, wanda ɗinki ne da mutum biyu a ciki, ya rabu gida biyu, na gaba ya yi gabas, na baya ya tsaya yana dariya. Jama’a suka yi tafi kamar rufin zai sake ruftawa. Wata yarinya ta kaɗa garaya, Manubiyya ta share ido da gefen mayafi tana cewa hayaƙin turare ne.

Si Tayyib ya hau dandamali. Ya yi maganar raƙuman da suka durƙusa a wannan wuri, da fataken da suka kwana ƙarƙashin wannan rufi. Ya kalli Hajj Lazhar ya ce, “Wasu suna da dutse a kwance, wasu nasu a tsaye yake.” Hajj Lazhar ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mu kuwa kamar an ba mu sarautar duniya.

Bayan an tashi aka kewaye Dakta a bakin ƙofa, ana miƙa mata shayi da alewar dabino. Ta kama hannun Si Tayyib da hannu biyu.

“Wallahi kun burge ni, Si Tayyib. Wani garin da tuni an rushe wannan wuri. Ku kuwa kun cika shi da yara da waƙa.”

“Haƙƙin kakanni ne, Dakta,” ya ce da ƙarfi, don Hajj Lazhar ya ji.

Ta ajiye kofin, ta gyara gilashinta, ta leƙa filin da motoci ke jere, ta dubi hagu, ta dubi dama.

“To yanzu a kai ni in gaida masaukin fataken kafin rana ta faɗi,” ta ce. “Ina ya shiga ne? A jikin wannan rumbun hatsin na Faransawa na bar shi, wani ɗan gajeren gini da awaki ke kwana a ciki.”