Takalmin Inna

Inna ba ta cire takalmi a cikin gida, sai in za ta yi sallah. Wata rana da la'asar, ina da shekara takwas, na dawo daga makaranta zuwa gidanmu na Vénissieux, a Faransa, na zauna kusa da ita da takalmina a ƙafa. Tana tsince shinkafa a faranti.

Ta ce, "Cire takalminki."

Na ce, "Inna, ai ke ma ba ki cire ba."

Ta aje farantin. "Ranar da aka zo ƙauyenmu a Chadi don a ƙarar da danginmu kaf, ƙanwata ta koma ɗaki ɗauko takalminta. Ba ta fito ba."

Sai ta duƙa ta kwance mini igiyar da hannunta. "Wannan tsoron nawa ne. Ba zan ba ki shi ba."

Yau shekarata arba'in da bakwai, ina fama da hawan jini. Likita ya ce firgicin iyaye kan bi 'ya'ya. Wataƙila. Amma har yau, da na shiga gida, takalmi nake fara cirewa.