Ƙarfen Koyon Tafiya

Maƙwabta sun ce tsohon telan ba shi da tausayi. Matarsa ma ta yarda, domin tun da ɓarin jikinta ya shanye, ko ruwa ta roƙa, daga zaune zai ce, "Ga ƙarfenki nan, taka ki ɗebo."

Tana takawa tana kuka, har ƙafar ta fara jin magana.

Da likitar gashin ƙashi ta zo, ta dubi ƙarfen.

"Baba, ai kai muka ba wannan saboda ƙugunka. Da me kake tafiya?"

"Da bango, 'yata."

Matar telan ta daɗe tana kallon kumburarrun ƙafafunsa.

"Malam, ka yafe mini. Na zage ka a zuci."